Shin Ko Kun San Yadda Aka Raba Fetur Da Gubar Dalma?

Shin ko kun san duniya ta yi kusan shekara ɗari tana ƙona fetur mai gauraye da dalma? A 1923 aka fara sayar da shi a Amurka, domin yana hana injin mota ƙwanƙwasa. Shekara guda da farawa gubar dalma ta kashe ma'aikata biyar a wata matatar mai ta jihar New Jersey. Aka ɗan dakata, sannan ciniki ya ci gaba.

Ko kun san wanda ya tona asirin ba likita ba ne? Clair Patterson masanin sinadaran duwatsu ne, shekarun duniya yake son ƙididdigewa, kuma shi ya fitar da lissafin shekara biliyan 4.55. Sai dai duk abin da ya ɗauko zai auna, sai ya tarar dalma ta riga shi shiga. Ya bi sawunta cikin teku, ya bi ta har ƙanƙarar Girinland, ya iske ta ƙaru sosai tun da motoci suka yawaita. Da ya bayyana hakan a 1965, kamfanonin mai suka janye masa tallafi.

Ga inda majalisar Amurka ta shigo. A 1966 Sanata Edmund Muskie ya kira zaman jin bahasi. Gefe guda ga Robert Kehoe, likitan da aka daɗe ana ɗaukar maganarsa hujja, yana cewa ba wani haɗari, alhali masu sayar da sinadarin ne ke ɗaukar nauyin bincikensa. Ɗaya gefen ga Patterson da alƙalumansa. Muskie ba masanin kimiyya ba ne, amma ya iya tambaya, kuma bai bari girman suna ya rufe masa ido ba. A ganina, babban aikin ɗan majalisa ke nan.

Dokar tsabtace iska ta 1970 ta buɗe hanya, binciken Herbert Needleman na 1979 kan haƙoran yara ya nuna dalma na dakushe ƙwaƙwalwa, Amurka ta haramta ta a man motoci a 1996. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina zuwa farkon 2006, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa hakan na tsare rayuka sama da miliyan 1.2 duk shekara.

Mu ma mun san wannan guba. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, ta hanyar ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje.

'Yan majalisarmu, ku gayyato masanan jami'o'inmu kafin ku rubuta doka, ku kuma tambayi kowannensu wa ya biya kuɗin bincikensa.