Ƙarin karatu bayan lisans: sunan makaranta za a bi, ko malami?

Shekarun baya, jami'ar gwamnati guda ce tak a ƙasar Nijar, watau ta Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971. A 2010 aka kafa ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa. A 2014 aka ƙara ta Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Saboda haka ɗiyan manoma da na makiyaya masu shiga jami'a sun yawaita. Karatun kuwa hawa uku ne: lisans shekara 3, mastar shekara 2, doktora shekara 3 ko fiye. Hawa na biyu da na uku su ne karatu mai zurfi, inda ɗalibi ke zaɓen abu guda ya bincike shi har ya ga ƙarshensa.

To, a nan ne magana ke dawowa gida. Yaro ya gama lisans a fannin noma, ya zo da takardu biyu. Guda daga wata babbar jami'a ta ƙasar waje, wadda kowa ya san sunanta. Guda daga wata da ba ta yi suna ba, amma akwai malamin da ke aiki a kan hatsi. Uba bai yi lakwal ba, amma shi ya sayar da raguna har yaro ya kawo nan, kuma shi za a sake tambaya. Ga abin da ya kamata iyaye da ɗalibai su sani kafin a yanke shawara.

Yadda ake jera jami'o'i

Idan aka ce jami'a kaza ita ce ta ɗaya ko ta ɗari a duniya, wasu mutane ne suka yi lissafi. Wanda ya fi shahara shi ne jerin Shangai, wanda wata jami'ar ƙasar Sin ta fara fitarwa a 2003. Tun daga wannan shekara jami'ar Harvard ta Amurka ke zuwa ta ɗaya.

Maki 100 ake rabawa. Maki 30 na tafiya ga yawan malamai da tsofaffin ɗalibai da suka ci kyautar Nobel ko babbar kyautar lissafi. Maki 20 ga malaman da aka fi ambaton aikinsu. Maki 40 ga yawan rubutun bincike da aka buga a manyan mujallu, galibinsu da Ingilishi. Sauran 10 kuma ana duba aikin ne gwargwadon yawan malamai.

A lura da abin da ba ya cikin wannan awo. Ba a auna ko malami na zama da ɗalibinsa. Ba a auna ko ɗalibi na samun abin ci da wurin kwana. Ba a tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin gonar jigawa. Kyautar Nobel ma babu ta noma a cikinta. Awon na gaskiya ne, amma abin da ya auna daban, abin da yaro ke bukata daban.

Manomi ya riga ya san wannan. Irin hatsin da ke cika rumbu a Gaya, inda ruwan damina ke kusan milimita 800, in aka kai shi Tanut ba zai nuna ba ruwa zai ɗauke. Ba irin ne ya lalace ba, ƙasar ce ba tasa ba. Malaman zaure su ma sun san shi. Mai neman ilimi ba girman gari yake tambaya ba, tambayarsa ita ce wane malami ne ya san littafi kaza, ya ɗauki buzunsa ya bi shi ko a ƙauye yake.

Wanda ya bi malamin dawa

Akwai misali sananne. An haifi Gebisa Ejeta a 1950 a wani ƙauyen ƙasar Habasha. Yana yaro, kilomita 20 yake takawa a ƙasa zuwa garin da makarantarsa take. Ya gama kwalejin noma ta Alemaya a 1973. A wannan shekara wani malamin jami'ar Purdue ta Amurka, John Axtell, masanin dawa, ya zo Habasha tattara irin dawa iri-iri. Ejeta ya taya shi aikin. Malamin ya ga hazaƙarsa, ya kira shi ya zama ɗalibinsa. Ya tafi a 1974, ya sami doktora a 1978.

Purdue babbar makaranta ce, amma tun da aka fara jerin Shangai ba ta taɓa shiga goman farko ba. Abin da take da shi shi ne mutanen da suka san dawa.

Ga abin da ya biyo baya. Ejeta ya yi aiki a Sudan, inda a 1983 aka fitar da irin dawa mai jure fari da ake kira Hajin Dura 1. Aikinsa tare da masu binciken INRAN, hukumar binciken noma ta Nijar, ya kai ga irin dawa mai suna NAD-1. Daga baya ya duƙufa kan ƙuduji, wannan ciyawa mai shan jinin hatsi da dawa. A 1994 aka raba tan 8 na irin dawa mai jure ƙuduji ga ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar. A 2009 aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Makarantun da ke kusa

Ba dole ba ne a ƙetare teku. A 2007 jami'ar Gana da ke Legon, kusa da Akara, ta buɗe wata cibiya mai suna WACCI, ƙarƙashin Farfesa Eric Danquah, don horar da masu gyaran iri. Tsarinta abin dubawa ne. Ɗalibi na fara darussa a Legon, sannan ya koma ƙasarsa ya yi shekara 3 yana bincike a kan amfanin gonar da mutanensa ke ci. Ma'aikatan INRAN sun yi doktora a can a kan hatsi da dawa, gonakin gwajinsu kuwa na nan Nijar.

A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari. Tana koyar da sanin yanayi da ruwa da kare shuka daga ƙwari, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashe maƙwabta. A Sadore, wajen kilomita 40 kudu da Yamai, akwai gonar binciken ICRISAT. A Tarna, bakin Maraɗi, akwai tsohuwar tashar da irin hatsi CIVT ya ɗauko sunansa.

A ɗauki yaron da ke son yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, wadda ɓarnarta ta tsananta bayan farin 1973. Masu bincike na INRAN da na jami'ar Maraɗi sun daɗe suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kashe ta, suna kai shi ƙauyuka cikin ƴan buhuna. Wanda ke son wannan aiki, malamansa da gonarsa suna Maraɗi. Babu murzuna a Faris.

Suna ma yana da ranarsa

Kada a ce sunan makaranta banza ne. Manyan jami'o'i na da na'urori masu tsada, da ɗakunan littattafai, da kuɗin bincike. Akwai fannonin da ba a iya yin su sai a can, kamar wasu sassan likitanci da binciken ƙwayoyin halitta. Takardarsu na buɗe ƙofa wurin neman aiki a ƙungiyoyin duniya. Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Faris ya yi karatun kimiyya, ya dawo ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na ƙasa. In makaranta mai suna ita ce kuma mai malamin da ya dace, ga tallafi cikakke, to faɗuwa ta zo daidai da zama. Laifin shi ne a bi suna shi kaɗai.

A kuma yi lissafin kuɗi tun da wuri. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajistar mastar ga baƙin da ba na Turai ba zuwa yuro 3770 a shekara, kusan miliyan 2 da rabi na sefa, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe ƙarin. A wannan lokaci sai ɗalibi ya nuna yana da yuro 615 kowane wata, fiye da jika 400, kafin a ba shi biza. Hanya ma na iya rufewa: a 2023 aka dakatar da ba da bizar Faransa a Yamai, a farkon 2024 aka rufe ofishin jakadancinta. Yaron da ya tafi da rabin guzuri yakan ƙare da aikin dare, karatu ya tsaya, gonar da aka jinginar kuma ba ta dawo ba.

Tambayoyi biyar

Uba ba ya bukatar iya karatun boko kafin ya yi wa ɗansa waɗannan tambayoyi.

Na ɗaya: wane abu kake so ka bincika? In yaro ya kasa faɗinsa da Hausa a taƙaice, bai shirya ba tukuna.

Na biyu: wane malami ne zai riƙe ka? Ka rubuta masa? Ya amsa? Ɗalibai nawa ke hannunsa?

Na uku: waɗanda suka yi karatu a hannunsa, shekara nawa suka yi, ina suke yanzu? A nemi ko guda a ji daga bakinsa.

Na huɗu: wa zai biya, har shekara nawa? Tallafin hukumar ANAB ne, ko na makarantar, ko aljihun gida? A ga takarda a rubuce, alkawarin baki ba ya biyan haya.

Na biyar: in ka dawo, an yarda da takardar? Akwai hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968, tana tantance takardun manyan makarantu. A bincika wurin ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin a biya ko dala.

Ga ɗiya mace, a ƙara duba wurin zama da wanda zai tsaya mata. Sau da yawa makarantar da ke kusa ita ke sa iyaye su yarda ta ci gaba, maimakon karatun ya tsaya a lisans.

Matambayi ba ya ɓata. Ranar da aka sa hannu a takarda, shekara biyar na rayuwar yaro da gumin gida duka aka ɗaura. Sunan makaranta rana guda ake faɗinsa a dandali a yi murna. Malami kuwa, kullum da shi za a wayi gari. Iyaye su zauna da ɗiyansu, a kira malamin gona ko wani tsohon ɗalibi, a auna takardun biyu kamar yadda ake auna iri kafin shuka. Allah ya sa a dace.