Fankar Cikin Bango: Kafin Ka Huda, Ka San Abin da Za Ta Ɗauko

A watan Janairu gida ɗaya a Kaduna yakan rabu gida biyu. Ɗakin da bangonsa ke kallon kudu ko yamma ya wuni yana shan rana, har bayan sallar isha'i in ka dafa bangon za ka ji ɗumi. Wanda ke kallon arewa maso gabas kuwa, inda iskar hunturu ke kaɗowa da ƙurarta tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun magariba ya zama wurin ƙudundunewa cikin bargo. Garin yana bisa tudu, kimanin mita 600 sama da teku, don haka a wasu darare na Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 15. Mutumin Jos zai yi dariya, amma mai jego a Kawo ko dattijo mai ciwon ƙirji a Unguwar Dosa ya san wannan ɗarin ba wasa ba ne.

Akwai wata dabara da masu gidaje a Amurka da Kanada da arewacin Turai suka daɗe suna yi a kan irin wannan rabuwa. Sai a huda bangon da ke tsakanin ɗaki biyu, a girke ƙaramar fanka a cikin ramin, a rufe kowane gefe da raga, ta riƙa zuƙo iskar ɗakin da ke da ɗumi tana hurawa cikin mai sanyin. Mu ma fankar ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce mai zuƙe iskar nan da ake sakawa a banɗaki da kicin, wadda ake samu a shagunan kayan wuta na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da bakin titin Ahmadu Bello. Bambancin kawai shi ne maimakon ta fitar da iska waje, an juyo da ita zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka. Kuma duk wanda ya san Panteka ya san ba za a rasa mai haɗa maka ita da akwatin ƙarfe daidai kaurin bangonka ba.

Amma da farko a fahimci cewa fanka ba ta ƙirƙirar ɗumi. 'Yar aike ce, abin da ta tarar a cikin iska shi take ɗauka, kuma ba ta buɗe saƙon ta duba. Iska kuwa ba ta riƙe zafi da yawa. Ga lissafin: matsakaiciyar fanka mai faɗin inci 6 tana iya tura iskar da ta kai kubik mita 200 a awa guda, wato cikin ɗaki mai ƙafa 12 ta kowace fuska har sau biyar. In falo ya fi uwar ɗaki ɗumi da digiri 5, abin da fankar ke ƙetarwa bai wuce wat 330 ba. Jikin babban mutum guda da ke zaune yana fitar da kusan wat 100, ke nan kamar ka ƙara mutum uku ne a ɗakin. Dutsen guga na lantarki ya ninka abin da fankar ke ƙetarwa sau uku. To, zai rage kaifin sanyi, amma ba zai sa a yaye bargo ba. In kuma tazarar da ke tsakanin ɗakunan digiri 2 ce kacal, kamar yadda take a yawancin gidajen bulo da kwano da zarar dare ya raba, an yi asarar kuɗin fanka da na birkila.

Inda za a yi ramin ma yana da ƙa'ida. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka sama take taruwa. Wanda ya taɓa hawa tsani don canza ƙwan fitila da rana ya ji bambancin da fuskarsa. Don haka kusa da silin ake hudawa, a bar kamar taku ɗaya daga sama. Abin da aka fi mantawa shi ne hanyar komawa. Ɗakin da ake hura wa iska ba balan-balan ba ne. In ba a bar wa tsohuwar iskarsa mafita ba, fankar za ta yi ta kuka ne ba ta aikin komai. A bar gibi na yatsa biyu a ƙasan ƙofa, ko a saka raga a ƙasan bangon, iska mai sanyi ta bi ta nan ta koma falo, zagayen ya cika. Wasu masu aikin ma sun fi son a juya abin: a sa fankar a ƙasa ta tura iska mai sanyi zuwa ɗakin ɗumin, mai ɗumin ta kwararo da kanta ta saman ƙofa. Duka biyun suna aiki muddin akwai shiga akwai fita.

Yanzu sai babbar maganar, wadda ita ce dalilin wannan rubutu. Baturen da ya saka wannan fanka, ɗuminsa daga murhun ƙarfe rufaffe yake fitowa, mai bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Abin da ke yawo a falonsa iska ce mai tsabta da ta ɗumama a jikin ƙarfe. Mu fa? A Rigasa da Tudun Wada da Hayin Banki da Badarawa, har ma da gidaje da dama a Malali, abin ɗumama ɗaki shi ne kaskon gawayi, sai kuma risho ko gas da aka gama girki a kansa a cikin ɗaki. Duk waɗannan a cikin iskar da muke shaƙa suke zubar da abin da suka ƙona.

Gawayin da ke ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashi mai barci. In ta shiga huhu, jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da wani abu, sai ta mamaye gurbin, ƙwaƙwalwa da zuciya su shiga yunwar iska alhali mutum yana numfashi. Akwai wata fahimta da ta yaɗu, cewa in an bar gawayi a tsakar gida ya ruru ya zama garwashi, hayaƙin ya ɗauke, to an tsira, sai a shigar da shi ɗaki a ja ƙofa. Hayaƙin da ido ke gani ne ya ɗauke. Jan garwashin nan mai kyan gani yana ci gaba da fitar da gubar har ya zama toka. Kuma da yake tare da iska mai zafi take tashi, saman ɗakin take fara nufa, daidai inda muka ce a girke fanka. Uban da ya huda bango don 'ya'yansa su ji ɗumin kaskon falo, ya buɗe wa gubar hanya mafi sauri zuwa kan gadonsu, kuma yara da jarirai da masu ciki su ne suka fi saurin jikkata.

Alamunta suna da yaudara: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. A lokacin hunturu kowa zai ce mura ce ko zazzaɓin cizon sauro. Abin lura shi ne in mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai a tare, kuma suka ji dama-dama da fitowarsu tsakar gida. In aka tarar da wani ya kasa tashi, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari, a garzaya da shi asibiti, Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko wanda ya fi kusa, a kuma faɗa wa likita cewa da gawayi ko janareta aka kwana. Oksijin yake buƙata, ba madara ko manja ba. Na ambaci janareta da gangan, domin wanda aka ajiye a baranda ko a lungun da ke jikin tagar falo yana turo wannan gubar, kuma fankar da ke zuƙe iska daga falon tana ƙara janyo hayaƙinsa ciki. Ban da wannan kisa na dare ɗaya, akwai na sannu a hankali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, daga itace da gawayi da kananzir, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Wani zai ce ai iyayenmu da wuta suka kwana a ɗaki, har da gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi don mai jego. Haka ne. Sai dai ɗakinsu na jinka ne ko na soro mai ƙofar asabari, iska na ratsawa ta ko'ina. Namu na yau bulo ne da siminti da silin da tagar gilashi mai zugewa, ga shi da hunturu har tsumma muke cusawa a ƙasan ƙofa saboda ƙura. Wutar dai ita ce, ɗakin ne ya canza.

To ina fankar ke da amfani? Inda tushen ɗumin ba wuta mai ci ba ce. Ɗakin da rana ta gasa wa bango zai iya ba maƙwabcinsa rance daga magariba zuwa wajen ƙarfe goma. Mai hita ta lantarki ma zai iya raba ɗuminta tsakanin ciki da falo maimakon sayen ta biyu, ko da yake kuɗin wuta zai yi masa magana. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta kai kuɗin yunit guda naira 225 ga masu rukunin A. A kan wannan farashi, hita mai wat 2,000 tana cin naira 450 a kowace awa, fanka mai wat 25 kuwa ko ta kwana awa goma tana aiki ba ta wuce naira 60 ba. Sai kuma matsalar samun wutar kanta. Mutanen Kaduna ba su manta da duhun Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro. Shi ya sa ƙaramar fanka mai aiki da batirin sola ta fi dacewa da mu.

A ganina ma, mun fi buƙatar wannan fanka da bazara fiye da hunturu. Sanyin Kaduna na 'yan makonni ne, kuma bargo da safa da hular sanyi suna maganinsa. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 35, shi ne ke hana barci. Kwano ya wuni yana gasuwa, bulo ya sha zafi ya ƙoshi, da dare waje ya yi sanyi amma ɗaki yana nan kamar ba a yi magariba ba, fankar sama kuwa iskar zafin take ta juyawa. A nan in aka saka fanka a saman bangon da ke kallon waje tana fitar da iska, aka buɗe taga mai raga a ɗaya gefen, iskar dare za ta riƙa ratsa ɗakin tana kwashe zafin da bango ya tara. Mai na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya kuma zai iya ɗiba wa ɗakin yara kaɗan ta ramin bango. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya tana cire zafin da ya kai wat 2,600, fankar za ta ƙetar da abin da bai wuce 400 ba, wanda ya isa ya rage gumi.

Magina na da sun san wannan ba tare da lantarki ba. Bayan da Turawa suka mai da Kaduna hedikwatar Arewa a 1917, gidajen gwamnati da aka yi ta ginawa a wajen Unguwar Rimi da Unguwar Sarki sun zo da silin mai tsawo, da baranda mai inuwa, da 'yar taga a saman ƙofa wadda ke barin iska ta wuce ɗaki zuwa ɗaki ko da ƙofa na kulle. Gidajen haya na da ma suna da bulo mai huji a saman bango. Mu ne muka toshe su, wani saboda sauro, wani saboda ado, yanzu muna neman fanka ta biya bashin.

Wanda ya yanke shawarar hudawa, ya kira birkila da mai gyaran wuta tare. Kada a taɓa lintal ko ginshiƙi, a kuma duba inda wayoyi suka bi cikin bango kafin a ɗaga guduma. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida tukuna. Kada a jawo iska daga kicin ko banɗaki ko garejin mota zuwa ɗakin kwana. Waɗannan waje ake fitar da tasu. A riƙa kwance ragar ana wankewa, domin ƙurar hunturu tana toshe ta cikin ɗan lokaci. Sannan akwai abin da ba a rubuta a jikin kwali ba: ramin da iska ta bi, murya ma za ta bi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ko tsakanin ɗakin maigida da na yaran da suka fara wayo, wannan kaɗai ya isa a sake tunani.

In gidanka da gawayi ake ɗumama shi, kada ka saka wannan fanka, kuma kada kaskon ya kwana a ɗaki ko da babu fankar. A ji ɗumi da shi ƙofa a buɗe, a fitar da shi tsakar gida kafin kowa ya kwanta, kuɗin fankar kuma a ƙara wa yara bargo da shi.