Tsibiran Farne da Tsuntsayen Teku

A gaɓar arewa maso gabashin Ingila, daura da lardin Northumberland, akwai wasu 'yan tsibirai na duwatsu da ake kira Farne. Adadinsu yakan kai 28 idan teku ta janye, amma idan ta cika, sai ruwa ya shanye kusan rabinsu. Da bazara, tsuntsayen teku dubbai kan sauka a nan domin yin ƙwai, saboda babu ɓera ko yanyawa da za su yi musu ɓarna.

Kula da tsuntsayen nan ya daɗe. An ce wani malamin Kirista mai suna Cuthbert, wanda ya keɓe kansa a ɗaya daga cikin tsibiran a shekarar 676 Miladiyya, ya hana a taɓa agwagin ruwan da ke wurin. Tun 1925 kuwa ƙungiyar National Trust ce ke riƙe da su.

Daga cikin mazauna wurin akwai fafin, tsuntsu mai jan baki wanda kan haƙa rami a ƙasa, macen ta yi ƙwai ɗaya tak a shekara. Wannan ƙarancin haihuwa shi ne rauninsa, domin in an yi asara, sai an ɗauki shekaru kafin a mayar da gurbi. Akwai kuma wata farar tsuntsuwa mai wutsiya irin ta tsattsewa, wadda kan bi ta gaɓar Afirka ta Yamma zuwa ƙurewar kudancin duniya. Masanan Jami'ar Newcastle sun ɗaura wa ɗaya na'ura a 2015, suka tarar ta yi tafiyar kilomita kimanin 96,000 kafin ta komo.

A 2022 murar tsuntsaye ta afka wa tsibiran. Cunkoson da ke kare tsuntsayen daga abokan gaba shi ya sauƙaƙa wa cutar yaɗuwa. Masu gadi sun kwashe gawarwaki wajen 6,000, ban da waɗanda teku ta tafi da su. Aka hana baƙi sauka har zuwa 2024.

Sai dai tsare dutse kaɗai bai isa ba, tunda abincin yana cikin ruwa. 'Ya'yan fafin sun dogara ne ga wani siririn kifi mai ɓuya a yashi, wanda ɗumamar teku ke rage masa abinci, manyan jirage kuma ke kwashewa don haɗa abincin dabbobi. Saboda haka a 2024 gwamnatin Birtaniya ta haramta kamun kifin a ruwan Ingila na Tekun Arewa. Ƙidayar shekarar ta sami fafin mata da miji kimanin 50,000 a Farne.