Titin Biya Ka Wuce: Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Sani Kafin A Sa Hannu

A watan Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗin hanya a titin da ya taso daga Keffi ya bi ta Akwanga da Lafiya ya dire Makurɗi. Farashin da aka sanar a lokacin shi ne naira 500 ga ƙaramar mota, 800 ga jif, 1,000 ga ƙaramar bas, 1,600 ga manyan motocin dakon kaya. Wannan ya dawo da abin da aka manta da shi tun ƙarshen 2003, lokacin da Shugaba Obasanjo ya sa aka rushe shingayen karɓar kuɗi (tolget) na titunan tarayya, bisa hujjar cewa kuɗin na zurarewa ta aljihun wasu. Kuma ba nan abin zai tsaya ba, domin tun zamanin gwamnatin Buhari aka ware wasu manyan tituna da ake son miƙa wa kamfanoni, ciki har da na Abuja zuwa Lokoja da na Kano zuwa Katsina.

Tsarin da ake kira haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya san harkar kasuwa. Mai fili ba shi da kuɗin gini, sai ya ba wani ya gina shaguna, ya ci haya na wasu shekaru, sannan ya mayar masa da fili da ginin. Haka ake yi da titi. Gwamnati ta ba da hanya, a kafa kamfani na musamman domin wannan aiki kaɗai, masu hannun jari su zuba kaso kaɗan, mafi yawan kuɗin kuwa a ranto daga bankuna. Kamfanin zai gina, ya riƙa gyara, ya karɓi kuɗi a shinge shekara 25 ko 30. Daga abin da direba ya miƙa ake biyan bashi da kuɗin ruwansa da albashin ma'aikata da gyare-gyare da ribar masu jari. Wani lokacin gwamnati ce ke cin bashin da kanta ta yi aikin, sannan ta ba kamfani kula da titin da karɓar kuɗi. Irin wannan ne na Keffi zuwa Makurɗi, wanda bankin Exim na Sin ya ba da rancen kashi 85 cikin ɗari na kuɗinsa.

Saboda haka idan ka ji an ce aikin ba zai ci wa gwamnati ko kwabo ba, ka sani cewa kai zai ci wa. Ko da ba ka da mota, direba zai ɗora abin da ya biya a kan kuɗin mota, mai tirela ya ɗora a kan buhun masara da doya. Wannan ba ya nufin tsarin cuta ne. Titi mai kyau yana rage shan mai, yana rage zuwa wurin bakanike, yana rage haɗari da ɓata lokaci, har ta yiwu abin da mutum ya tsira da shi ya fi abin da ya biya. Ribar jama'a ko asararsu tana cikin takardar yarjejeniya, wadda galibi ba wanda ke ganinta sai waɗanda suka sa mata hannu.

Abin da ya faru a Legas ya isa darasi. A 2006 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da kamfanin LCC domin faɗaɗa titin Lekki zuwa Epe, mai tsawon kusan kilomita 50, da shirin kafa shinge uku. Da lokacin fara karɓar kuɗi ya matso, mazauna yankin suka tayar da ƙayar baya: aikin bai ƙare ba, ba wata hanyar kirki da wanda ba ya son biya zai bi, ga shi mutum zai biya kafin ya isa gidansa. Gwamnati ta ɗage farawa, amma yarjejeniya ta tilasta mata biyan kamfanin kuɗin da ya rasa, daga baitulmali. An fara karɓa a Disambar 2011 cikin zanga-zanga, zuwa 2013 kuma jihar ta yanke shawarar saye kamfanin gaba ɗaya. Yarjejeniyar da aka tsara wa shekara 30 ba ta kai goma ba, bashin kuma ya dawo wuyan jama'a.

A Senegal labarin ya ɗan bambanta. Titin Dakar zuwa Diamniadio, wanda kamfanin Eiffage na Faransa ya gina wani sashe nasa yake kuma gudanarwa, an buɗe shi a 2013, ya rage cunkoson fita daga birnin ƙwarai. Duk da haka mutane ba su daina kuka da tsada ba, har aka rage farashi a 2018, daga baya gwamnati ta sake zama da kamfanin ta karɓi kashi 25 cikin ɗari na hannun jarinsa. Matsin lambar jama'a ne ya kai ga hakan.

Ga tambayoyin da ya kamata ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa da sarakunan garuruwan da titi zai ratsa su yi tun da wuri. Shekara nawa kamfanin zai yi yana karɓa, kuma shinge nawa ne? Wa ke da ikon ƙara farashi, bayan wane lokaci, da wane ma'auni? Da naira aka ci bashin ko da dala? Wannan tambaya tana da nauyi, domin a farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Bashin dala da ake biya da kuɗin shinge na naira kan ninka kansa ba tare da an ƙara ko shebur ɗaya na kwalta ba. Sai kuma batun lissafin motoci. Ana ƙiyasta yawan waɗanda za su bi titin tun kafin a gina, kuma sau da yawa a ƙasashe daban-daban ƙiyasin kan zarce gaskiya. Idan motoci suka gaza, shin gwamnati ta yi alkawarin cike giɓin? In ta yi, kuɗin asibiti da makaranta ne za su tafi can. A tambaya kuma: akwai hanyar da talaka zai bi kyauta? Akwai rangwame ga mazauna kusa da shinge? Wane hukunci ke kan kamfani idan ramuka suka bayyana, kuma a wane hali zai mayar da titin ranar da wa'adinsa ya cika?

Masu gonaki da gidaje a bakin hanya su ma su farga. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini ce da amfanin gona da itatuwa. Don haka a tsaya a wurin ranar ƙidayar abin da za a biya diyyarsa, a ɗauki hoto, a ajiye takardu, kada a sa hannu ko dangwale a kan abin da ba a karanta wa mutum ba. A yi hattara da dillalan da ke zuwa sayen fili da arha da zarar sun ji ƙishin-ƙishin titi.

Doka ta ba ɗan ƙasa damar tambaya. Akwai hukumar ICRC da ke sa ido kan irin waɗannan yarjejeniyoyi a matakin tarayya, akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ce ma'aikatar gwamnati ta amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai. Ƙungiya za ta iya rubutawa ta nemi sharuɗɗan kwangila, ta kai wa ɗan majalisarta, ta halarci zaman jin ra'ayin jama'a. Direba kuma ya karɓi shaidar biya duk lokacin da ya wuce, ya kai ƙara idan an caje shi fiye da abin da ke rubuce a allo. Ba a fafe gora ranar tafiya: da zarar an sa hannu, gyara sharaɗi ɗaya ma sai an biya kamfani diyya, kuma daga aljihun jama'a za ta fito.