HAWA DA SAUKAR FARASHI: Abin da Manomi Ke Sayarwa da Abin da Yake Saye

Ciniki iri biyu ne ke haɗa manomi da kasuwa. Na farko shi ne ya kai hatsi, ko gyaɗa, ko doya, ya karɓi kuɗi. Na biyu kuwa shi ne ya koma da kuɗin nan ya sayi taki, da iri, da maganin ƙwari, ya kuma biya 'yan ƙwadago da kuɗin mota. Farashin waɗannan abubuwa duka yana motsawa wata-wata, amma ba tare suke tafiya ba. Ribar manomi tana tsakanin farashin nan biyu ne. Saboda haka wanda ya dubi kuɗin buhun masara kaɗai, bai dubi na buhun taki ba, ba zai san ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba.

Yadda Farashin Amfanin Gona Ke Bin Shekara

A yawancin shekaru farashin hatsi yana bin hanya sananniya. A jihohin Arewa ana girbin gero wajen Satumba, masara ta biyo baya, dawa kuma ta nuna wajen Nuwamba da Disamba. A watannin nan kaya sukan cika kasuwanni irin su Dawanau ta Kano, da Saminaka, da Funtuwa, sai farashi ya karye. Dalili kuwa shi ne manoma da yawa suna buƙatar kuɗi a lokaci ɗaya, don biyan bashin damina, da kuɗin makaranta, da hidimar aure. Idan masu sayarwa suka yi yawa, mai saye ne ke yanka farashi.

Daga nan kaya sukan riƙa raguwa a hankali. Kafin a kai Yuni, da Yuli, da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, ruwan sama kuma ya ɓata hanyoyin ƙauye. A lokacin ne hatsi ya fi tsada, har manomin da ya sayar da araha da kaka yakan dawo ya sayi abinci da tsada.

Kayan gwari suna da nasu lokaci. Tumatir yakan yi araha daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da noman rani ya nuna, ya yi tsada da farkon damina. Doya takan yi tsada gab da fitowar sabuwa, ta sauko idan ta cika kasuwanni irin su Zaki Biam ta Jihar Binuwai. Watan azumi, wanda ke matsowa gaba da kwana goma sha ɗaya ko kusan haka kowace shekara, shi ma yakan ƙara bukatar gero da sauran kayan abinci.

Abin da Ke Motsa Kuɗin Kayan Noma

Kayan da manomi ke saye ba girbi ne ke yanka musu farashi ba. Takin yuriya da iskar gas ake yin sa, kuma akwai manyan masana'antunsa a ƙasar nan, kamar ta Indorama a Eleme ta Jihar Ribas, da ta Dangote a Legas wadda aka buɗe a watan Maris na shekarar 2022. Amma takin NPK haɗi ne, kuma biyu daga cikin sinadaransa, watau fosfet da fotash, daga ƙasashen waje ake kawo su. Haka ma yawancin magungunan ƙwari da na kashe ciyawa. Don haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi, ko farashi ya tashi a kasuwar duniya, sai abin ya iso har shagon mai taki na ƙauye. An ga haka a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tsananta tsadar taki a duniya.

Man fetur ma yana cikin kayan noma, domin da shi ake tayar da injin ban ruwa, da shi kuma ake kai kaya kasuwa. Bayan da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na shekarar, kuɗin mota da na kayan noma sun tashi ƙwarai. Bugu da ƙari, taki da ladan ƙwadago sukan ƙara tsada da faɗuwar damina, domin kowa a lokacin yake nemansu.

Jiya da Yau

A da, hukumomin ciniki na gwamnati ne ke sanar da farashin gyaɗa, da auduga, da koko, kafin a fara ciniki. A 1977 aka maye gurbin na jihohi da hukumomi na ƙasa baki ɗaya, sannan a 1986 aka rushe su. Tun daga lokacin, kasuwa ce ke yanka farashin amfanin gona. Ta wajen taki kuwa, gwamnatoci sun sha shiga tsakani, tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 har zuwa shirin takin zamani na Shugaban Ƙasa wanda aka soma a ƙarshen 2016 tare da haɗin gwiwar ƙasar Maroko, inda aka tsayar da buhun NPK a kan naira 5,500. Wannan farashi ya daɗe da wucewa.

Yadda Ake Auna Canjin Farashi

Kowane wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana tattara farashin kayan masarufi daga jihohi 36 da Abuja, birni da ƙauye, ta fitar da rahoto. Ana kwatanta farashin kowane wata ta hanya biyu. Ta farko ita ce a gwada shi da na watan da ya gabata. Ta biyu ita ce a gwada shi da na wannan watan a bara. Hanya ta biyu ta fi nuna gaskiyar tsada, domin gwada Agusta da Nuwamba bambancin damina da kaka kawai zai nuna. Alal misali, hukumar ta bayyana cewa a watan Yuni na 2024 farashin abinci ya ɗara na Yunin 2023 da kashi 40.87 cikin ɗari.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya lura da su. Na ɗaya, idan aka ce hauhawar farashi ta ragu, ba lalle ne kaya sun yi araha ba. Abin nufi shi ne saurin hawansu ya ragu. Na biyu, rahoton farashin abinci yana nuna abin da mai saye ya biya ne a kasuwa, wanda ya haɗa da kuɗin mota, da dako, da la'adar dillali, da ribar ɗan kasuwa. Abin da ya shiga hannun manomi a bakin gona bai kai haka ba. A Amurka, Ma'aikatar Gona tana fitar da ma'auni biyu kowane wata, na kuɗin da manoma suka karɓa da na kuɗin da suka biya, a kuma gwada su da juna. Manomin ƙasar nan yana iya yi wa kansa irin wannan lissafi ba tare da wahala ba.

Lissafin Buhu da Buhu

Tambayar ita ce: buhun taki nawa buhun masara ɗaya zai saya? Ga misali, wanda ba farashin wata kasuwa ba ne. A ƙaddara bara buhun masara naira 40,000 ne, buhun taki kuma 20,000. Buhun masara ɗaya ya sayi taki biyu ke nan. Bana sai masara ta kai 50,000, taki ma ya kai 50,000. A ido manomi ya sami ƙarin naira 10,000, amma buhunsa taki ɗaya kawai zai saya. Idan gonarsa tana cin taki buhu 8, bara masara buhu 4 ya sayar ya biya, bana kuwa sai ya sayar da 8.

Irin wannan matsi ya bayyana a fili a 2025. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, kamar masara da alkama da wake, na tsawon kwana 150, don sauƙaƙa wa jama'a tsada. A shekarar da ta biyo baya farashin hatsi ya sauko sosai a kasuwanni da yawa, alhali taki bai sauko ba. Masu saye sun sami sauƙi, amma manoma da yawa sun koka, kuma waɗanda suka ɓoye hatsi suna jiran tsadar damina sun yi hasara. Wannan ya nuna cewa hanyar da farashi ya saba bi tana iya sauyawa.

Abin da Manomi Zai Iya Yi

Da farko, ya ajiye ɗan littafi. A ranar kasuwa ta farko a kowane wata ya rubuta farashin amfanin da yake nomawa, da na taki, da na fetur, da ladan ƙwadago na yini. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa, da boko ko da ajami. Bayan shekara biyu littafin zai nuna masa watannin araha da na tsada a yankinsa.

Na biyu, kada ya sayar da amfaninsa duka a lokaci ɗaya, kada kuma ya riƙe shi duka. Ya ware abincin gida tukuna, sauran ya raba shi kashi-kashi. Kafin ya ajiye, ya lissafa kuɗin buhu, da na magani, da abin da ƙwari da ɓera za su ci. Buhunan nan masu ruɓi uku da ba sa shan iska suna kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba.

Na uku, in da hali, ya sayi taki da rani kafin a soma rububinsa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Manoman da suka haɗa kai cikin ƙungiyar gama kai suna iya sayen taki a sari, su kuma ɗauki mota ɗaya zuwa babbar kasuwa. Takin gargajiya da shuka wake ko waken soya bi da bi da masara suna rage yawan takin zamanin da gona ke bukata, kuma malaman gona na jiha suna ba da shawara a kan haka.

Manomi ɗaya ba ya iya sauya farashin kasuwa. Amma wanda ya san buhu nawa zai sayar kafin ya mayar da kuɗin da ya kashe, shi zai fi sanin abin da zai shuka, da yawan filin da zai iya ciyarwa da taki, da watan da ya dace ya buɗe rumbunsa.