Hazo: inda yake fitowa da abin da yake kawo wa manomi

Da zaran an gama kaka, an ɗaure hatsi an zuba rumbu, sai iskar gabas ta taso. Ba a jima ba hazo ya sauko. Wata rana a Damagaram ko Maraɗi mutum ba ya hangen ƙarshen gonarsa. Rana ta koma fara kamar wata. Leɓe ya tsage, kaushi ya kama ƙafa, yara su yi ta tari. Mace ta share ɗaki da safe, kafin azahar ƙura ta sake rufe kwanoni.

Kowa ya san hazo. Amma in aka tambayi mutane daga ina yake fitowa, sai su ce daga gabas. To, gabas ina? Masu binciken ƙasa da iska sun bi sawunsa shekara da shekaru, har sun kai gidansa.

Wani kwari a ƙasar Cadi

A arewacin ƙasar Cadi akwai wani babban kwari cikin hamada, ana ce masa Bodele. Daga Damagaram zuwa can ya kai kilomita 1000. Babu gona, babu gari. Ƙasar wurin fara ce, marar nauyi, in an murza ta da yatsa sai ta zama gari.

Manyan duwatsu biyu suna tsaye arewa da gabas da kwarin: Tibesti da Enedi. Iskar hunturu tana kutsawa tsakaninsu. Wanda ya taɓa zama a bakin zaure lokacin ɗari ya san yadda iska take ƙara ƙarfi in ta samu matsattsiyar ƙofa. Haka take yi a can. Tana fitowa daga tsakanin duwatsun da gudu, ta faɗa kan farar ƙasar nan, ta kwashe ta sama.

An ga wannan da taurarin ɗan'adam, wato na'urorin da ake harbawa sama suna ɗaukar hoton duniya. A shekarar 2005 kuma waɗansu masana daga jami'o'in Ingila suka je da kansu, suka kafa zango a bakin kwarin da kayan awonsu. An gane cewa ƙura tana tashi a Bodele wajen kwana 100 a shekara. Wani lissafi da aka buga a 2006 ya ce a ranar da ta tashi lokacin ɗari, tana kai tan 700,000. Tan ɗaya buhu 10 ne mai kilo 100. Ke nan buhu miliyan 7 a yini guda! Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tada ƙura. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ga ta a kan Difa, Damagaram, Maraɗi da Kano. Ba duk hazo ne yake fitowa daga nan ba, hamada tana da faɗi, amma Bodele ita ce uwar tukunya.

Ƙurar nan gindin tafki ce

Mi ya sa ƙasar wurin take fara? Saboda da can ruwa ne kwance a kanta. Shekara wajen 7000 da suka wuce, tafkin Cadi ba kamar na yanzu yake ba. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk ƙasar Nijar. A shekarar 1963, lokacin da dattawan Ngigimi suka san shi cike, faɗinsa 25,000 ne kawai. Inda garin Difa da Ngigimi suke yau, a wancan zamani ƙarƙashin ruwa suke. Bodele kuwa ita ce wuri mafi zurfi, don ta fi tafkin yanzu gangare da fiye da mita 100.

Shaidu suna nan. A 1987 wani Bafillace makiyayi yana ginar rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da kwalekwalen itace. Da aka auna shekarunsa, an samu wajen 8000. A Gobero kuma, cikin Tenere ta jihar Agadas, an tono kaburburan mutanen da, tare da ƙasusuwan kifi, kada da dorina, a wurin da yau raƙumi ma sai da guzurin ruwa.

Cikin tsohon tafkin akwai waɗansu ƙananan tsirrai na ruwa, ido ba ya ganinsu, kowane da ɗan ɓawonsa. Suna mutuwa suna nutsewa, ɓawo kan ɓawo, shekara dubbai. Su ne suka zama farar ƙasar. A cikinta akwai ƙayar kifi da ta ruɓe ta niƙe. Wani bincike na 2015 ya nuna ruwan Bodele bai ƙafe sarai ba sai wajen shekara 1000 da suka wuce. Ashe ƙurar da ake kakkaɓewa daga tabarma, akwai sauran kifin da a cikinta.

Ina take sauka?

Ƙayar kifi tana ɗauke da fosfor, sinadarin da ke cikin takin supa da cikin dutsen fosfat na ƙasar Tawa. Shi ne abincin shuka da jigawar Nijar ta fi rashi. Ƙurar tana kuma ɗauke da waɗansu gishirin ƙasa da hatsi yake so.

Da farko masana sun fi damuwa da ƙurar da take ƙetare teku. A 2015 masanan Amurka suka lissafa cewa tan miliyan 182 na ƙura yana fita daga Afirka ta yamma kowace shekara, kuma wajen tan miliyan 28 yana sauka a babban kurmin Amazon na ƙasar Barazil, yana yi masa taki. An daɗe ana cewa rabin wannan daga Bodele ne. A 2020 wani sabon bincike ya musa. Ya ce ƙurar da take kaiwa can ta fi fitowa daga hamadar Muritaniya da Mali, ta Bodele kuwa yawancinta tana zuba a Afirka tun ba ta kai teku ba. Masana ma suna gardama, kamar dattawa a bakin kasuwa. Amma ga manomin Nijar maganar ta biyu ta fi daɗin ji: takin a gonarsa yake sauka.

An kafa tarkon ƙura a wurare da dama a yammacin Nijar, ana tara abin da ya faɗo ana aunawa. An samu ɗaruruwan kilo a hekta ɗaya cikin shekara, wani wuri fiye da tan guda. Hekta gona ce mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Ƙurar ta fi rairayin gona ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai kada wani ya ji haka ya daina kai taki. Abin da hazo yake bayarwa lasa ce, ba ƙoshi ba.

Hazo da sanƙarau

Kyautar nan ba ta zuwa ita kaɗai. Tun 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya zana ƙasashen da sanƙarau ya fi yi wa ɓarna. Sun jeru a bakin hamada daga yamma zuwa gabas, Nijar tana tsakiya. Ciwon yana farawa lokacin ɗari, ya yi tsanani a watan Maris da Afrilu, in ruwa ya sauka ya kwanta.

Ƙura ba ita ce take haifar da sanƙarau ba. Ƙwayar cuta ce, wadda take zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba ta yi musu kome, tana bin tari da atishawa daga wani zuwa wani. Amma busasshiyar iska da ƙura suna kankare cikin hanci da maƙogwaro, kamar yadda kaushi yake tsaga diddige. Ta wannan tsagar ƙwayar take samun hanyar shiga jini, ta hau zuwa ƙwaƙwalwa.

Ma'aikatar bincike ta CERMES a Yamai, tare da jami'ar Libaful ta Ingila, sun duba lissafin marasa lafiya na shekara 8, suka gwada shi da lissafin zafi da na ƙura. Sakamakon ya fito a 2017. Sun ga cewa in zafi ya wuce digiri 39 da rabi, ga kuma ƙura a sama, masu kamuwa suna ƙaruwa. Sun gwada da ɓeraye: waɗanda aka sa suka shaƙi ƙura cikin zafi, ƙwayar ta fi saurin ratsa jikinsu.

A ƙarshen 2010 aka fara lambar rigakafin sanƙarau iri na A a Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Wannan iri ya kusa ɓacewa. Amma sanƙarau iri-iri ne. A 2015 iri na C ya ɓarke: daga Janairu zuwa Yuni an ƙidaya mutum wajen 8500 da suka kamu, 573 suka rasu. A 2024 aka fara aiki da sabuwar allura mai tsare iri 5 gaba ɗaya.

Alamun ciwon su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare. Ga jariri maɗiga takan kumbura. Wannan ba ciwon da ake jira gari ya waye ba ne, yana kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Gidan likita kai tsaye. Rawani da lulluɓi a kan hanci, da ajiye jarirai cikin ɗaki ranar da hazo ya yi kauri, suna rage ƙurar da ake shaƙa, amma ba su maye gurbin lamba.

Ƙura ta biyu, wadda take fita daga gona

Akwai wata ƙura dabam, kuma ita ce ta fi shafar rumbu. Ita ce jar ƙurar da take zuwa gaban hadari a watan Mayu da Yuni, ta taso kamar bango, gari ya yi duhu da rana tsaka. Wannan ba daga Cadi take ba. Ƙasar gonakin nan ce ta tashi. Hazo baƙo ne mai kawo tsaraba, jar ƙura kuwa kwasa take yi.

A ƙauyen Banizumbu, wajen kilomita 60 gabas da Yamai, akwai tashar awon ƙura da masanan jami'ar Abdu Mumuni da na Faransa suka yi shekaru suna aiki a cikinta. Sun kafa tarkuna a gona da cikin saura, wato gonar da aka bari ta huta. Abin da suka gani a bayyane yake. Lokacin hazo, gona da saura duka suna samu. Da farkon damana, saura tana ci gaba da samu, gonar da aka share tas tana asara. Iska tana ɗaukar laushin ƙasa, inda ƙarfin yake, ta bar tsakuwa da fako. Rairayin da take korawa kuma yana yanka ƙaramar shuka ko ya binne ta, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku, iri ya ƙare.

Maganin da aka auna ba sabo ba ne: karan hatsi ne kwance a gona. A tashar Sadore, kudu da Yamai, an shimfiɗa kilo 1500 na kara a hekta, rairayin da iska take kora ya ragu fiye da rabi. Amma wa yake da kara kilo 1500 na bari a ƙasa? Kara abincin dabba ne, da shi ake darni, da shi ake girki, a bazara kuɗi ne a kasuwa. Makiyayi ma yana jiransa, kuma dabbarsa tana biya da kashi.

Shi ya sa binciken Banizumbu da aka buga a 2011 ya fi kusa da halin talaka. An bi gonar manomi yadda yake aikinta, ana auna karan da ya rage wata bayan wata. Gara tana ci, dabba tana ci, rairayi yana rufewa. Duk da haka ɗan abin da ya saura yana aiki. An samu iyaka: kilo 100 a hekta, nauyin buhun hatsi guda, warwatse a gona. In kara ya gaza haka, asarar ƙasa tana hauhawa ƙwarai. Ke nan wanda zai kwashe kara ya kwasa, amma ya bar na gona. Mai tattara sauran ya cinna masa wuta lokacin sassabe, shi ne ya buɗe wa iska ƙofa daidai lokacin da ta fi ƙarfi.

Masanan sun kuma bi rairayin da ya fita daga gona don su ga inda ya tafi. Bai yi nisa ba. Yawancinsa ya tsaya cikin mita 20 na farko na saurar da ke maƙwabtaka, a gindin sabara da ciyawa. Mai saura ya samu, mai gona ya rasa. Tushen sabara, kalgo ko gamba da aka bari a tsakiyar gona yana yin wannan aikin tun ƙasar ba ta ƙetare iyaka ba, kuma in hazo ya sauko a Disamba, a gindinsa ƙurar Bodele take kwanciya.