Ina Ƙarfin Mai Ninƙaya Yake Tafiya?

Ga rubutun shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Ranar da na fara shiga ruwa mai zurfi ina yaro, ban fi minti biyu ina facal-facal ba hannuwana suka mutu, kuma ko taku biyar ban matsa ba. To ina ƙarfin nan ya tafi?

A ilimin fiziks, aiki shi ne ƙarfin turawa sau nisan da abin da aka tura ya matsa. Idan ka tokare bangon wurin iyo da ƙafa, bangon ba ya motsi, don haka ba ka yi aiki a kansa ba. Ruwa kuwa da ka tura shi tafiya yake. Dokar Newton ta uku, wadda ya wallafa a 1687, ta ce in ka tura ruwa baya, shi ma zai tura ka gaba da ƙarfi daidai da naka. Sai dai fa ruwan da ka tura ya tafi da wani kaso na kuzarinka, ya zama kumfa da igiya. Sauran kuma yana ƙarewa wajen keta ruwan da ke gabanka.

Kuma ruwa ba wasa ba ne, ya fi iska nauyi kusan sau 800. A 2009 Usain Bolt ya yi gudun mita 100 cikin sakan 9.58. A shekarar dai, César Cielo na Brazil ya yi ninƙayar mita 50 kacal cikin sakan 20.91. In ka ninka saurinka sau biyu a ruwa, turjiyar ruwan tana ninkuwa kusan sau huɗu, kuzarin da kake kashewa a kowane sakan kuma kusan sau takwas.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Ka tura kilo 2 na ruwa da saurin mita 1 a sakan, ko kilo 1 da saurin mita 2, turawar da za ka samu ɗaya ce. Amma na farko jul 1 ya ci maka, na biyu jul 2. Kun gani ko? Shi ya sa gwani yake miƙa hannu ya kamo ruwa mai yawa, ya ja a natse. Ni kuwa a ranar ɗan ruwa kaɗan nake ta duka da sauri.

Wannan lissafin yana iya ceton rai. In ruwa ya fi ƙarfinka, fafutuka ita za ta fara cinye ka. Ka juya rigingine, ka baza hannuwa, ka daidaita numfashi, sannan ka nemi taimako. A kogi kuma kada ka yi gaba da gaba da ruwa mai gudu, ka bi shi kana karkata zuwa gaɓa.

Ku tura wa ƙannenku masu zuwa kududdufi da damina. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.